Yadda za ka tono tarihin shekarun fari, yunwa da ambaliya na garinku

Ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, duk inda ka leƙa a Facebook da WhatsApp magana ɗaya ce, wai tunda ake ba a taɓa ganin ruwa ya ci garin ba. To amma dattawan Maiduguri suna nan da ransu kuma sun tuna 1994, ita dai wannan madatsar ce, shekara 30 cif tsakani. Ba wai ina rage girman musibar ba ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, abin da ke damuna shi ne mun zama mutanen da ba su riƙe lissafin abin da ya same su, kowace shekara sai mu ce ba a taɓa gani ba alhali kakanninmu sun gani har sun raɗa wa abin suna. Kuma masu riƙe da sunayen nan kullum raguwa suke, wanda ya ga farin 1973 da wayonsa yanzu ya ba sittin baya.

Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ni na bi na tattara na ƙauyenmu, duk mai waya da littafi da biro da ɗan haƙuri zai iya, ba sai ɗan jami'a ba.

Ka fara da gida. Kar ka soma da intanet ko ofis, ka soma da tsohuwar da ke ɗakin nan na ƙurya. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu je mu tsaya a kan tsoho mu ce Baba a wace shekara aka yi fari, shi kuwa ba da lamba ya ajiye abin ba, da suna ya ajiye shi da kuma abin da aka ci a lokacin. Ni da na je wurin kakata na tarar tana tsince wake a faifai, na ajiye mata goro na zauna a gefen tabarma muka gaisa muka yi hirar dangi har na ga ta sake, sannan na ce Inna wai wace yunwa ce kika gani da idonki wadda har yau in kin tuna gabanki ke faɗuwa. Ta ajiye faifan ta yi shiru, can ta ce wadda aka raba jar dawa, ta ce tuwonta ba ya ɗaurewa kuma ko an ci sai ciki ya riƙa ƙugi, ta ce mata suna fita da asuba da ƙwarya su tona gidan tururuwa su sheƙe ƙasar su tsinci 'yan ƙwayoyin da tururuwa ta tara, sauran cikon kuma tafasa ce da yaɗiya. Ba ta faɗi shekara ba, amma ta ce a lokacin tana goyon kawuna kuma ba a daɗe da canza kuɗi ba mutane na ta rikicewa da lissafin sule da kwabo. To shi kenan ta ba ni, domin ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam.

Tambayoyin da na ga suna buɗe bakin tsofaffi su ne irin waɗannan, me aka ci, sau nawa aka yi shuka kafin ta tsaya, an yi binne ko ruwa aka jira, sau nawa aka fita roƙon ruwa, nawa tiya ta kai, su wa suka tafi cin rani ba su dawo ba, wace rijiya ce ta ƙafe kuma gaba nawa aka ƙara wa igiyar guga, shanu sun mutu ko karyar da su aka yi a kasuwa. In ambaliya ce ka ce a nuna maka inda ruwan ya tsaya, sau da yawa za a kai ka jikin katangar masallaci ko gindin wata tsamiya a ce nan ya kawo, ka auna da tef ka ɗauki hoto. Kuma don Allah ka tambayi mata daban, maza za su ba ka labarin haraji da kasuwa da dabbobi amma mace ce ta san ranar da aka share ƙasan rumbu. Ka je wa Bafulatanin da ke rugar bayan gari, ka je wa mahaƙin rijiya da ma'auni na kasuwa da masunci in kuna da gulbi, kowannensu da abin da ya riƙe. Ka nemi izini kafin ka kunna rikodin, in an ce a'a ka rubuta da hannu. Wata maganar kuma ta sirri ce, akwai gidan da a shekarar yunwa aka aurar da yarinya don a rage baki, akwai wanda ya jinginar da gonar gado, irin wannan ka rubuta abin da ya faru ka bar sunan mutane, ba tonon asiri ka je yi ba.

Yana da kyau ka je da wasu sunaye a kanka don in an ambata ka gane inda aka dosa. Kakalaba ita ce babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta haɗa Kano da Katsina da Damagaram da Borno, a wasu wuraren Gyallare ake ce mata. 'Yar Buhu ta 1927 ce. 'Yar Gusau kuma farkon shekarun 1940 lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Turawa ke tara hatsi da mutane na tilas don aikin kuza a Jos. Sai Muda ta 1953 zuwa 1954, wadda ni ita ta fi ba ni mamaki domin ba rashin ruwa ya kawo ta ba, ruwa ne ya yi yawa marka ta ƙi ɗaukewa gero ya lalace a gona, ka ga ke nan ba duk yunwa ce 'yar fari ba. A Nijar kuma yunwar 1984 zuwa 1985 mutane da yawa El Buhari suke ce mata, saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya a watan Afrilun 1984 hatsi ya daina tsallakawa. In ka koma can baya akwai Banga-banga ta wajen 1855 a Kano. Amma fa kar ka riga tsoho faɗin sunan, in ka ce Baba ko Muda ce zai iya ce maka e don ya faranta maka, ka bari ya faɗi nasa, domin yunwa ɗaya tana iya samun suna uku a garuruwa uku kuma sunan da garinku ya raɗa shi ne abin da babu wanda ya rubuta, shi ka zo nema.

Yanzu sai babban aikin, wato ɗaura kowane labari a kan shekararsa. Dabarar ita ce ka tanadi turaku, abubuwan da kowa ya tuna kuma an san ranarsu tabbas, sai ka riƙa tambaya kafin kaza ne ko bayan kaza. Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911. Sarkin Katsina Dikko ya rasu 1944, Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu 1953, Ado Bayero ya hau 1963. An kashe Sardauna 15 ga Janairu 1966. An koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, naira ta zo 1973, a Nijar Kunce ya kifar da Shugaba Jori Hamani 15 ga Afrilu 1974 kuma yunwar da ta biyo farin 1973 tana cikin abin da ya jawo juyin mulkin, an kashe Murtala 13 ga Fabrairu 1976. Ciwon bushiya ya yi wa shanu kaca-kaca a 1983. Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya rasu 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta. Husufin ranar da ya mai da rana dare a Gusau da Katsina da Maraɗi an yi shi ne 29 ga Maris 2006. Ka ƙara da turakun garinku, naɗin hakimi, rasuwar dagaci, shekarar da aka buɗe firamare ko aka kawo kwalta, waɗannan ma sun fi na ƙasa aiki domin tsohuwa ba lallai ta damu da wanda ke mulki a Legas ba amma ba za ta manta ranar da aka naɗa mai gari ba.

Azumi ma turke ne mai kyau. Tunda shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana kusan 11, azumi yana zagaye damina da kaka da hunturu da bazara ya dawo inda ya taso cikin shekara kusan 33. To in aka ce maka a shekarar farin an yi azumi da kaka ana yankan gero, wannan ya yi daidai da 1973 da azumi ya kama ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, in kuwa aka ce azumi ya zo a farkon damina ana jiran ruwan shuka to ka duba 1984 da aka yi shi a watan Yuni. In ka samu shekarar Hijira a rubuce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1393 za ta ba ka 1973, 1331 ta ba ka 1913, zai iya kaucewa da shekara ɗaya amma ba zai kai ka daji ba.

Ga wani wuri da nake so a tsaya a kula sosai domin nan ne lissafi ya fi karkacewa. Shekarar da ruwa ya ƙi daban, shekarar da yunwa ta ciji mutane daban. Damina ta lalace a 1913 amma mutuwar ta fi yawa a 1914, domin ɗan abin da aka girbe ya kai mutane hunturu, sai bazara ta shigo rumbu ya ƙare, lokacin da ake buƙatar ƙarfin noma lokacin ne babu abin sawa a baki. Haka fari da fara suka haɗu a Nijar a 2004 amma 2005 duniya ta ga hotunan yaran Maraɗi, haka damina ta gaza a 2009 wahalar ta fito a 2010. Saboda haka in tsoho ya ce shekarar yunwa, ka tambaye shi daminar da ta gabace ta yaya ta kasance, ka rubuta su a layi biyu. In ba ka raba su ba za ka je ka duba lissafin ruwan sama na shekarar yunwar ka ga an yi ruwa lafiya lau ka ce tsoho ya ruɗe, alhali kai ne ka duba gidan da ba shi ba.

Littafin naka ka ja masa layuka, gida na sunan shekarar yadda aka faɗa, gida na wanda ya faɗa da kimanin shekarunsa da unguwarsu, gida na abin da ya faru, gida na turken da aka ɗaura shi, gida na shekarar da kake zato, sai gida na ƙarshe ka bar shi fili don abin da takarda za ta ce. Ni ƙa'idata ita ce ba na rubuta shekara da biro sai mutum uku da ba gida ɗaya suke ba sun ba ni abu ɗaya, kafin nan fensir ne. Kuma in biyu sun saɓa kar ka goge ɗaya, ka ajiye duka, sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa domin ruwan ƙasarmu haka yake, a yi shi kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauyen na gaba da shi ko ɗigo.

Daga nan sai takardu. Tun kafin ka hau mota ka leƙa zauren liman da gidajen malamai, da yawansu suna rubuta haihuwa da rasuwa da manyan abubuwa da ajami ko Larabci a bangon littafi ko gefen shafi, ka je da ladabi ka ce Allah gafarta Malam ko akwai abin da magabata suka rubuta na shekarun wahala, kar ka nemi a ba ka aro, ka roƙi ɗaukar hoto a gabansa. Malaman hisabi kuma da taurari suke lissafin damina, kowane tauraro kwana 13, to in ka ga an rubuta ruwa ya ɗauke a tauraro kaza wannan ya fi maka wata daidai domin lissafin taurari da rana yake tafiya ba ya zagayawa kamar watan Musulunci. Gidan dagaci da na hakimi a kan samu tsofaffin rasitan haraji da jangali, in ka ga adadin shanun jangali ya faɗi warwas a shekara ɗaya ka san akwai magana. Tsohuwar firamare ma tana da littafin da hedimasta ke rubuta abin da ya faru kullum, a ciki za ka ga an rubuta iska ta yaye kwanon aji ko yara sun daina zuwa saboda iyaye sun tashi.

Rubuta irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci yunwar da ta yi shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, ya kuma ce Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da yunwa amma duk da haka yunwar ta cim masa.

In kana da halin tafiya, gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna shi ne rumbun, nan rahotannin Razdan da Di'o, wato Turawan mulki na lardi da na gunduma, suke, na shekara-shekara da na ƙiyasin harajin gundumomi, kuma kusan kowanne yana da sashen ruwan sama da amfanin gona da farashin hatsi. Fayilolin da sunan lardi aka jera su, KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF da sauransu, saboda haka ka san lardin da garinku yake a lokacin, ɗan Jigawa Kano zai nema, ɗan Zamfara da ɗan Kabi Sakkwato, ɗan Katsina kuma ya sani cewa kafin 1926 ƙarƙashin lardin Kano suke, daga nan aka mai da su Zariya sai 1934 suka samu lardin kansu. Akwai Gidan Arewa nan Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita 1939 kuma wasiƙun masu karatu da ke ciki suna cike da kukan fari da tsadar hatsi daga garuruwa, New Nigerian kuma daga 1966. 'Yan uwa na Nijar su nufi gidan ajiye takardu na ƙasa a Yamai su nemi rahotannin kwamandan, wato Baturen mulki na Faransa, da Faransanci suke sai a tafi da mai ji. Sai dai ka karanta takardar Bature da ido biyu, shi haraji ne a gabansa, in ya rubuta cewa ana yunwa to dole a rage haraji kuma na sama da shi ba za su ji daɗi ba, don haka sau da yawa za ka ga an ce amfani ya ɗan ragu a shekarar da kakarka ke tonon gidan tururuwa. Inda takarda da tsohuwa suka saɓa a kan zafin wahala ni tsohuwa nake bi, inda suka saɓa a kan lambar shekara sai in bi takarda.

Lissafin ruwan sama kansa yana hannun hukumar yanayi ta NiMet a Najeriya, a Nijar kuma hukumar yanayi ta ƙasa da cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET da ke Yamai wadda aka kafa 1974 bayan farin nan. Kano da Yamai da Damagaram suna da awo tun wajen 1905, wato sama da shekara 100. Cibiyar binciken noma ta Samaru da ofisoshin malaman gona ma sun daɗe suna awo. Ka rubuta takardar neman bayani ka faɗi tashar da shekarun da kake so, wani wurin sai ka biya. Wani abu da ya ƙona min rai, na taɓa zuwa wani ofishin gona aka buɗe min sito na tarar da littattafan awon ruwa na shekara da shekaru a ƙasa, rufi na yoyo a kansu gara ta cinye rabi, wanda wani bawan Allah ya yi ta tashi da sassafe yana aunawa yana rubutawa. In ka ci karo da irin wannan kar ka tsaya jimami, ka nemi izini ka ɗauki hoton kowane shafi a ranar. Daga 1981 zuwa yau kuma akwai ƙiyasin tauraron ɗan'adam mai suna CHIRPS kyauta a intanet, yana taimakawa ga garin da ba shi da tasha amma ƙiyasi ne, bai kai ma'aunin da ke ƙasa ba. Tsofaffin takardun Ingilishi da inci suke awo, ka ninka da 25.4 ya koma milimita.

To in lambobin sun zo hannu yaya za ka gane shekara ta fita daban da gaske? Masana yanayi matsakaicin shekara 30 suke ɗauka su auna da shi, wanda ake aiki da shi yanzu 1991 zuwa 2020 ne. Amma a ƙasarmu sai ka lura da wace talatin ɗin aka ɗauka, domin shekarun 1950 zuwa farkon 1960 ruwa ne mai yawa, daga ƙarshen 1960 aka shiga fari har ya kai maƙura a 1972 da 1973 da kuma 1983 da 1984, sannan daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa amma da wani hali, ya yi kwanaki bai zo ba in ya tashi zuwa ya zo da hauka. Kano da ta saba samun sama da milimita 800 a shekara, a 1973 ko 500 ba ta samu ba. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, a 1973 ya rabe gida biyu. Kogin Kwara a Yamai ya tsaya cak ya daina gudu a 1985, shi dai wannan kogin a Satumban 2020 ya kai kusan mita 7 ya shiga unguwanni, mutum ɗaya ya ga duka biyun a rayuwarsa.

Kuma jimillar shekara kaɗai ba ta isa ba. Ka duba ranar da ruwan shuka ya sauka da ranar da ya ɗauke, ka duba kwana nawa ya fi daɗewa bai zo ba a tsakiyar damina, ka duba ruwa mafi yawa da aka yi a kwana ɗaya. Manomi ya san cewa in ruwa ya tsaya sati uku gero na fitar da kai to an gama, ko da jimillar ta cika daga baya. Ambaliya ma haka, kafin ka rubuta cewa ruwan bana ya fi na kowace shekara ka tambaya ko dam aka saki, kamar yadda ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ambaliyar 2012 ƙarfi a Najeriya har mutum 363 suka rasu sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, ko kuwa kududdufin unguwa aka cike aka yi gini a kai, ko magudana ce leda ta toshe. Sau da yawa ruwan bai fi na da ba, hanyarsa aka tare. Wani lokacin kuma da gaske ya fi, kamar 2024 da har tsohon masallacin Damagaram na ƙasa wanda ya tsaya tun ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba. Aikinka shi ne ka rarrabe, kar ka ɗora wa sauyin yanayi laifin mai cike kududdufi kuma kar ka ce babu sauyin alhali lambobi na nunawa.

Zafi kuwa a yi hattara da abin da waya ke nunawa, ba awo ba ne hasashe ne, kuma wanda aka auna a rana ko cikin mota ba ya shiga lissafi, a inuwa ake auna shi cikin akwati mai shan iska. Irin wannan awon ne ya ba da digiri 48.5 a garin Kayes na Mali ranar 3 ga Afrilu 2024 ana cikin azumi. Tsofaffi ba su da lambar zafi amma za su gaya maka bazarar da sanƙarau ya yi ɓarna da hunturun da hazo ya rufe gari kwana da kwanaki, ka rubuta su su ma.

Kana tono na baya kuma ka fara ajiye na yau. Ka samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne kuma gindin a shafe yake, ka kafa turke a fili nesa da bango da itace da indararo, ka ɗaura shi a kai ya zauna daidai yadda akuya ba za ta ture ba. Kowace safiya a lokaci ɗaya, misali ƙarfe 7, ka sa rula ka karanta milimita nawa ka rubuta ka zubar, milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta 0, kar ka bar gidan fili, domin wanda zai karanta bayan shekara 20 ba zai san ko ba a yi ba ne ko kai ne ka yi tafiya. Ranar kasuwa ka ƙara da farashin tiyar gero da masara da wake, ka rubuta ranar shuka da ranar da aka fara cin tumu. In za ka yi tafiya ka damƙa wa wani yaro mai hankali a gidan.

Muryoyin da ka ɗauka kar ka bar su a waya ɗaya, waya tana faɗawa ruwa ana kuma sace ta, ka tura su imel ka sa a mimori ka ba wani ɗan uwa kwafi, kowane fayil ka sa masa ranar da aka ɗauka da unguwa. Littafin kuma in ya yi kauri ka buga shi kwafi uku, ɗaya gidan mai gari, ɗaya wurin liman, ɗaya makarantar garin. Kafin ka kai, ka tara waɗanda suka ba ka labarin a ƙofar fada bayan la'asar ka karanta musu da ƙarfi, ni a irin wannan zaman ne wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya ce yaro koma baya, rijiyar masallaci ba a shekarar jar dawa ta ƙafe ba, sai da aka yi damina ɗaya a tsakani, mutum biyu suka ce haka ne, na ciro fensir na gyara a gabansu.